Shafukan da Muka Liƙe da Gam

A ƙarshen zangon da ya gabata na miƙa makullin kabad ɗina na bar aikin koyar da adabin Turanci a wata makarantar sakandare ta Katolika a nan Katsina, bayan shekara 11. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin har yanzu akwai mutanen kirki da ke cin abinci a cikinta. An nemi in rubuta wa wanda zai gaje ni 'yan shawarwari, kuma da na zauna rubutawa sai na tarar duk abin da nake da shi yana komawa ga mako guda na shekarar 2017, da tambayar da aka jefa mini a gaban iyaye a lokacin, wadda ban iya amsa ta yadda ya kamata ba: shin littattafan da ake ɗora wa yaranmu, masu ɗauke da labarin fyaɗe da karuwanci da dukan mata, sun dace da 'yan shekara 15 ko 16 a makarantar da ta ce tarbiyya ce jarinta?

Duk wanda ya koyar da adabi ya san cewa ba malami ne ke tsara jerin littattafan ba. Hukumar WAEC ce ke fitar da shi, tana sauya shi duk shekara biyar. Sai dai akwai wata ƙofa da muke yawan yin kamar ba mu gan ta ba idan rigima ta taso, ita ce cewa a kowane sashe na ƙagaggun labarai littafi biyu ake bayarwa, ɗalibi kuma daga guda ɗaya yake amsa tambaya. A jerin 2016 zuwa 2020, sashen Afirka yana da Faceless na Amma Darko, marubuciya daga Ghana, wanda ya fito a 2003, da kuma Lonely Days na Bayo Adebowale, labarin zawarci a wani ƙauyen Yarabawa. Mu muka zaɓi na farkon, a wani zama da bai wuce minti ashirin ba. Dalilanmu ba na tarbiyya ba ne ko kaɗan: mai kawo mana littattafai yana da shi da yawa, Turancinsa mai sauƙi ne, kuma 'yan littattafan taƙaita shi sun cika kasuwa. Mataimakin shugaba mai kula da harkokin karatu ne ya jagoranci zaman, shi ya sa hannu a takardar odar.

Na karanta littafin kafin in shiga aji da shi, amma karatun mai neman maki na yi masa. Jigo nake nema, da halayen taurari, da irin tambayar da za ta iya fitowa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda shafin farko zai sauka a kunnen yarinya ba. Labarin yana buɗewa ne da Fofo, 'yar shekara 14, tana kwance da dare a gaban wani shago a kasuwar Agbogbloshie da ke Accra, sai wani ƙasurgumin ɗan daba ya afka mata yana neman keta mata haddi. Daga baya kuma mai karatu zai san abin da ya faru da yayarta, wadda maza na kusa da gidansu suka lalata, aka tura ta karuwanci, aka tsinci gawarta a kasuwa. Duk wannan na san shi, na ma rubuta shi a tsarin darasina a ƙarƙashin “jigon cin zarafin yara”, kamar wanda ke rubuta sunan wani tsiro.

Al'adata a lokacin ita ce karatu a bayyane, layi bayan layi, kowane ɗalibi sakin layi ɗaya, saboda ba kowa ke da littafin ba, kuma hakan yana ba ni damar gyara lafazi. 'Yan aji biyar ne, ɗalibai 41, maza da mata, Musulmi da Kirista, kamar yadda ajujuwanmu suke. Sakin layin da ya fi muni ya faɗa kan wata yarinya mai natsuwa da ke zama kusa da taga. Ta karanta jimla biyu ta tsaya. Samarin baya suka fara ƙunshe dariya. Na ɗauka wata kalma ce ta gagare ta, sai na faɗa mata kalmar na ce ta ci gaba. Ta yi shiru. Na sake cewa ta ci gaba, wannan karon da tsawa, domin a tunanina taurin kai ne. Sai ta rufe littafin a hankali ta kifa kanta a kan tebur. Abin da na yi bayan haka shi ne abin da ya fi damuna har yau, fiye da tsawar: na ce na kusa da ita ya karɓa, muka ƙarasa darasin har aka buga ƙararrawa, ita kuwa kanta na kife. Da yamma Sista mai kula da 'yan mata ta tsayar da ni a bakin ɗakin malamai, ta ce mini, “Malam, ba kowace yarinya ce ke jin wannan a matsayin labari ba.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban tambaya ba.

Ƙorafin da ya tayar da ƙura bai fito daga gidan wannan yarinya ba. Mahaifin wata ɗaliba ce daban, wani dattijon ɗan kasuwa, ya tarar da littafin a hannun ɗiyarsa, ya sa ƙaninsa ya fassara masa shafukan farko, washegari ya iso makaranta. Bai ɗaga murya ba. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, mu da muka tsallake makarantu da yawa muka kawo 'ya'yanmu makarantar Fada, mun kawo su ne don mun ji ana tsare tarbiyya. Kai za ka iya zaunar da ɗiyarka ka karanta mata wannan shafi?” Na ce, “Alhaji, ai WAEC ce ta sa littafin.” Ya dube ni ya ce, “WAEC ba ta san sunan ɗiyata ba. Kai ka san shi.” Na shekara takwas ina juya wannan magana, ban samo abin da zai rushe ta ba.

Aka kira taron gaggawa na iyaye da malamai ranar Asabar. A nan ne mataimakin shugaban, mutumin da ya jagoranci zaɓen littafin, ya miƙe a gaban jama'a ya ce hukumar makaranta ba ta da masaniya a kan abin da littafin ya ƙunsa, malamin darasi ne ya zo da shi, kuma za a ɗauki mataki. Ina zaune ina kallonsa, takardar odar mai ɗauke da sa hannunsa tana cikin fayil a ofishin da ke bayanmu. Ban tanka ba, saboda a irin wannan wuri ƙaramin ma'aikacin da ya ƙaryata na gaba da shi a gaban iyaye ya gama aiki, ko da gaskiya ce a bakinsa. Ranar Litinin aka ba ni takardar neman bahasi, wadda ta zarge ni da gabatar da abin da ya saɓa wa koyarwar Ikilisiya. Abin lura shi ne babu inda takardar ta ambaci yarinyar da na tilasta wa karatu. Laifin da na aikata da gaske ba wanda ya tuhume ni a kansa, wanda ban aikata ni kaɗai ba kuwa aka ɗora mini shi gaba ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Matakin da aka yanke shi ne a tattara littattafan a liƙe shafukan da ake ƙorafi a kansu da gam, tunda an riga an saya kuma zango ya yi nisa. Ni aka sa in fitar da lambobin shafukan, ni kuma aka sa in tsaya a kan aikin, Asabar biyu cur. Kafin mako ya zagayo reza ta yi aikinta. Ɗaliban da ban taɓa ganin sun gama babi ɗaya ba sun haddace waɗannan shafuka, domin mun yi musu alama da hannunmu cewa ga inda abin yake. Wasu sun ɗauki hoton shafukan daga littafin 'yan wata makaranta suka riƙa yawo da shi a waya. Sakamakon da muka samu shi ne yaran sun karanta duk abin da muke tsoro, sun karanta shi su kaɗai ko a cikin abokai masu dariya, ni kuma an haramta mini in yi musu bayaninsa. Da jarrabawa ta matso kuwa, dole na riƙa kewaye-kewaye ina cewa “abin da ya faru da ita”, alhali rabin tambayoyin da za a iya yi a kan littafin suna rataye ne a kan abin da ya faru da itan.

A watannin da suka biyo baya, cikin ɓacin rai, na koma na karanta abin da Ikilisiyar da aka ce na saɓa wa ta faɗa da kanta. Gaskiya ne ta taɓa riƙe jerin littattafan da aka haramta wa mabiya, tun daga 1559, amma an soke shi a 1966 a zamanin Paparoma Bulus na Shida. Takardar da babban taron Batikan na Biyu ya fitar a kan ilimi a 1965 ta ƙunshi abubuwa biyu da mutane ke son raba su: ta ce iyaye su ne masu tarbiyya na farko kuma mafi haƙƙi a kan 'ya'yansu, ta kuma ce a riƙa ba yara ilimin da ya shafi jinsi cikin hikima da taka-tsantsan gwargwadon yadda suke girma. Alhajin nan, ba tare da ya taɓa jin sunan takardar ba, ya tsaya a kan rabinta na farko, mu kuma da muke da ita a ɗakin karatu mun karya duka biyun, da farko ta hanyar ƙin sanar da iyaye, daga baya ta hanyar gam. Tun a ƙarni na huɗu ma Waliyyi Basil ya rubuta wa matasa nasiha a kan karanta adabin Girkawa na zamanin bautar gumaka, bai hana su ba, ya kwatanta musu da ƙudan zuma da ke ɗaukar abin da zai amfane shi daga fure ya bar sauran. Kuma Littafi Mai Tsarki da ke kan kowane tebur a makarantar yana ɗauke da labarin Amnon da Tamar a sura ta 13 ta Sama'ila ta Biyu, inda ɗan sarki ya yi wa ƙanwarsa fyaɗe, da labarin Dawuda da Batsheba surori biyu kafin nan. Ba mu karanta su a taron safe, kuma daidai ne, amma ban taɓa jin wanda ya kawo shawarar a liƙe su ba. Ɗalibaina Musulmi kuwa da yawansu sun haddace Suratu Yusuf, sun san abin da matar mai gidan ta nema daga gare shi, sun koye shi a gaban malami wanda ya san yadda ake faɗar magana mai nauyi ba tare da an zubar da mutunci ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa iyayen da suka yi ƙorafi jahilci ne ya ɗebe su, kuma na sha jin wannan magana a ɗakin malamai daga bakin waɗanda ba su fahimci garin da suke aiki a cikinsa ba. Kunya a wurinmu ba tsoro ba ce, kariya ce da aka gina wa yaro da gangan, kuma yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta furta wasu kalmomi a gaban namiji, idan malami namiji ya umurce ta ta furta su a gaban samari ashirin, ya ci mata zarafi ko da nufinsa ilimi ne. Marubuciyar ba ta rubuta littafinta don a karanta shi da ƙarfi a aji ba. Ga kuma bambancin shekaru: a aji guda za ka sami ɗan shekara 14 da aka yi wa tsallake da ɗan shekara 19 da ya makara, jarrabawa ɗaya ce a gabansu amma ba zuciya ɗaya ba. Jerin WAEC kuwa an tsara shi ne wa ƙasashe biyar, daga Gambiya har Najeriya, babu yadda zai auna abin da gida a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Marusa zai iya ɗauka.

Haka kuma ba na cikin masu ganin an tsare yaro idan an ɓoye masa takarda. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, yau kuma irin waɗannan labarai, da waɗanda suka fi su tsauri nesa ba kusa ba, suna yawo a WhatsApp babi bayan babi, cikin harshen da yaran suka fi ji. Ɗalibanmu suna wuce 'yan mata masu talla a tashar mota kowace safiya. Sun ga matan da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari da Jibiya suna zaune da ƙananan yara a bakin titunan garin nan. Yarinyar da ke kwana a kasuwar Accra ba baƙuwa ba ce a wurinsu, sunanta kawai aka sauya. Littafin bai ƙawata ɓarna ba, ya nuna ta da muninta, ya kuma nuna manyan da suka kau da kai, kuma ina ganin makarantar da ke koyar da tausayin marasa ƙarfi ita ce ta fi cancanta ta karanta irinsa. Ma'aunin da na tsaya a kansa daga baya shi ne in tambayi kaina ko shafin yana sa mai karatu ya ji zafin wanda aka zalunta ne, ko kuwa yana gayyatarsa ya leƙa ya ji daɗi, sannan in tambayi kaina ko zan iya tsayawa a gaban uban yaro in faɗa masa dalilin da ya sa shafin yake nan.

Da jerin 2021 zuwa 2025 ya fito, na gwada abin da na koya. A sashen da ba na Afirka ba na ƙi amincewa da Invisible Man na Ralph Ellison, duk da girman littafin, saboda a babinsa na biyu akwai dogon bayani daga bakin wani uba a kan yadda ya yi wa 'yarsa ciki, kuma na auna na ga ba zan iya ɗaukar 'yan aji biyar in ratsa da su ta nan lafiya ba. Muka ɗauki ɗaya littafin. Wannan ya sa ba na yarda da mai cewa duk abin da hukuma ta sa ya dace. A sashen Afirka kuwa na tsaya a kan Second Class Citizen na Buchi Emecheta, wanda ya fito a 1974, ko da yake na san akwai duka a cikin auren Adah, tauraruwar littafin, akwai kuma wurin da ta je asibitin tsarin iyali a Landan a ɓoye, ta ƙirƙiri sa hannun mijinta don a ba ta abin hana ɗaukar ciki. A makarantar Katolika wannan wuri ya fi na fyaɗe haɗari ga malami, tunda wasiƙar Paparoma ta 1968 ta haramta irin wannan hanya ƙarara. Kafin a buɗe littafin na rubuta wa iyaye takarda da Hausa da Turanci, na faɗi sunan littafin, da abin da ke cikinsa ba tare da kwana-kwana ba, da lambobin shafukan, na ce duk mai son magana ya zo. Mutum bakwai suka zo, biyu suka nemi 'ya'yansu su karanta waɗannan babuka a gida tare da uwayensu, na amince. Na daina karatun bayyane a wurare masu nauyi, kowa ya karanta a zuci. Wata malama ta zauna da 'yan mata su kaɗai na darasi ɗaya, ni na zauna da samarin, kuma a nan na gane cewa dariyar 'yan baya yawancinta ruɗewa ce. A babin asibitin na roƙi Fada ya shigo aji, ya bayyana matsayin Ikilisiya, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Fada, to ita Adah da mijinta ba ya aiki kuma yana dukanta, me ya kamata ta yi?” Ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa, kuma wannan shirun ya koya wa ajin cewa tambayar ta gaske ce.

A cikin shekara biyar ɗin nan ba a kawo ƙarata ko sau ɗaya ba. A shekara ta uku mataimakin shugaban ya karanta takardar tawa a wani taro a matsayin sabon tsarin da ofishinsa ya ɓullo da shi, bai ambaci sunana ba, takardar neman bahasin kuma tana nan a fayil ɗina har ranar da na tafi. Lokacin da Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa a kan muhimmancin karatun adabi wajen tarbiyya a 2024, na buga ta na ajiye masa a kan tebur. Bai taɓa ce mini ya gani ba.

Sauran abin da zan faɗa wa magajina gajere ne. Ya karanta littafi sau biyu, na biyun da idon ɗalibar da ta fi kowa shiru a ajinsa. Duk zaman da aka zaɓi littafi a cikinsa ya tabbatar an rubuta wanda ya halarta da wanda ya sa hannu, ya kuma riƙe kwafi. Kada ya fake da sunan WAEC a gaban uba. Tunda kuma Katsina ta sami dayosis tata, wato yankin Ikilisiya mai bishop na kansa, a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi wanda ya san gidajen da yaran nan ke fitowa, fatana shi ne malaman adabi na makarantunta su riƙa zama tare duk lokacin da sabon jeri ya fito, su karanta kafin a yi oda, maimakon a bar kowane malami shi kaɗai da mai kawo littattafai. Jerin 2026 zuwa 2030 ya riga ya iso.

Yarinyar da ke kusa da taga ta ajiye darasin adabi a zangon da ya biyo baya, ta koma wani darasin. Na sa hannu a takardar sauyin a tsaye, a lokacin hankalina yana kan amsar da zan rubuta wa ofis, ban ce mata ta yi haƙuri ba, kuma ta gama makarantar ba mu sake magana ba. Da nake kwashe kayana na tarar da kwafi uku na littafin a ƙasan kabad, gam ɗin ya bushe ya yi rawaya, gefen shafukan duk sawun reza. Na bar wa magajina guda ɗaya tare da kwafin takardar iyaye. Kwafin takardar odar kuwa, mai sa hannun, na tafi da shi gida.